Katakon da Ishaya Ya Kankare

Ishaya mutumin Kwali ne, ɗan mai ginin tukwane. Wurin mahaifiyarsa ya koyi zane, yana kallon yadda take tsaga ado a jikin ɗanyen yumɓu. Da ya shigo Abuja sai ya kafa tebur a gindin wata bishiya a Garki, yana sassaƙa hatimi da reza. Shekara goma sha tara yana wannan sana'a, har kwamfuta ta zo ta raba shi da ita.

Daga nan ya koma sassaƙa titunan gari a jikin katako. Ya shafa tawada, ya ɗora takarda, ya goga da bayan cokali, hoto ya fito. Wata huɗu ya yi a kan na wani titin Wuse: benaye, cunkoson motoci, 'yan talla, har da amininsa Manniru mai rake, tsaye a bayan baronsa.

Madam Perpetual, wadda ke ƙawata wani sabon otal, ta ga bugun farko.

"Oga, gini ya yi kyau," ta ce. "Amma wannan mutane, ka cire su. Baƙi ba za su so ba."

Ta tafi da takardar don ta nuna wa mai otal. A lokacin Larai, matar Ishaya, tana kwance tana jinya, ga shi babu kuɗin magani. Kwana biyu bai taɓa katakon ba. A na uku ya ɗauki wuƙa ya kankare mutanen ɗaya bayan ɗaya.

Bayan wata guda aka kori masu talla daga titin, aka kwashe baron Manniru. Ya zo sallama, zai koma ƙauyensu.

"Ba ni hoton nan guda, in nuna wa yara inda na yi shekara goma sha ɗaya."

Ishaya ya miƙa masa, kansa a ƙasa. Manniru ya daɗe yana dubawa.

"Ni ina nake?"

Ishaya ya ɗora yatsa a kan farin filin da ya rage inda ya kankare shi.

"Ba komai," in ji Manniru. Ya naɗe takardar, ya nufi tashar Zuba.

Larai ta rasu da damina. Ishaya yana nan a Garki, idonsa ya fara rauni. Lambar Manniru kuwa ta daina shiga.