Na Goge Aikinta, Na Ɗora Wa Abokina

A lokacin ban daɗe da gama karatun kwamfuta ba, na dawo Gummi ina jin babu wanda ya kai ni. Mu uku muka haɗu za mu rubuta manhajar waya da za ta riƙa tuna wa matan Bagega ranar kai yaransu gwajin dalma a jini: ni, da wata 'yar ajinmu a Anka, da abokina na Bukkuyum mai taya mahaifinsa noman wake. Ni na buɗe ma'ajiyar aikin a intanet, na ba kowannensu izinin rubutawa da gogewa daidai da nawa. 'Yar ajinmu ta ce mu kulle babban reshen aikin, wato ainihin kwafin da duk muke zuba gyara a ciki, kada a zuba gyara sai wani ya duba. Na ce ɓata lokaci ne.

Wata rana na zo tura gyarana, ma'ajiyar ta ƙi karɓa don ya ci karo da nata. Maimakon in kira ta, sai na tura da ƙarfi, nawa ya danne nata. Duk abin da ta yi makonni tana rubutawa ya ɓace, ga shi ruwan sama ya riga ya lalata kwamfutarta a kan kabu-kabu. Da ta kira ni tana tambaya, sai na ji bakina ya ce ai abokinmu ne, hannunsa bai faɗa ba. Har izininsa na cire don ƙaryar ta zauna.

Bai yi musu da ni ba. Ashe yana da kwafin aikin a kwamfutarsa. Ya shiga mota har Anka ya kai mata, a can suka buɗe shafin da ke nuna wanda ya yi turin. Sunana suka gani.

Inna ta lura na kasa cin tuwo. Da na faɗa mata, ta ce gogewar kuskure ce, amma ƙazafin da hankalina na yi shi, in tashi in je in ba abokina haƙuri. Na same shi a gona. Ya ce ya yafe, sai dai ba zai ƙara haɗa aiki da ni ba. Sun gama manhajar su biyu.

Masu aiki tare, ku kulle babban reshenku tun farko, har daga hannun wanda ya buɗe shi. In kuma kun yi ɓarna, ku faɗa nan take. Aikin da na goge ya dawo. Abokina bai dawo ba.