Tutar da Na Wanke a Ƙasar Goronyo

Ana idar da sallar asuba muka turo kekunanmu muka bar Sakkwato, ni da masinjan ofis da aka haɗa ni da shi. Na yi kwana goma da dawowa ina jan ƙafa wajen ba ku labarin nan, don akwai abin da na aikata a hanya wanda in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Di'o, Baturen mulki, shi ne ya jawo tafiyar. Ya ce a ƙasarsu kowane ɗan ƙaramin gari yana da tutarsa da tambarinsa, saboda haka yana so a kafa allo a ofis, a zana tuta da hatimin kowace gunduma, har da na ƙauyukan da ke da su. Ni malamin elementare ne, an san hannuna da zane, sai aka ce in je in kwafo. Ranar kaina ya kumbura. Na sayi fensira masu launi, na kuma sayi sandar sabulu a kanti, sisi guda, don kada in tsaya gaban hakimai da daƙaƙƙiyar riga.

Hanyar Rabah rairayi ce zalla. Rabin tafiyar keke ya ɗauke mu, rabin kuwa mu muka ɗauke shi. Bazara ta kankama, kafin hantsi rigata ta manne a bayana. A bakin gari muka sha fura da nono na kwabo, ƙwarya cike, masinja ya shanye tasa ya taya ni da tawa ba tare da na roƙe shi ba. Magatakardan hakimi ya fito da hatimin tagulla a ƙunshe cikin ƙyalle, ya kara shi a hayaƙin fitila, ya danna mini a takarda. Aiki ya yi sauƙi har na fara raina shi.

Washegari muka nufi Wurno. Daga kan tudu fadama take shimfiɗe har iyakar ganinka, mutane a duƙe suna cirar albasa, warinta ya cika gari. Kwando guda taro, wato kwabo uku, har ana roƙonka ka ɗauka. Mun ci tuwon shinkafa da miyar kuka wanda ban ci irinsa a birni ba. A nan dattawa uku suka fito da tuta, suka buɗe gefenta kaɗan, suka tsaya nesa da ni. Na miƙa hannu, ɗayansu ya ce, “A'a Malam, da ido aka taɓa ta.” Na zana abin da na iya hangowa, a zuciyata ina cewa wannan ai ƙauyanci ne, ƙyalle dai ƙyalle ne.

A Goronyo kifi ya fi tuwo araha. Busasshen tarwaɗa na ahu, kwabo ɗaya da rabi, ya ishe mu kwana biyu. Can muka ji cewa wani ɗan ƙauyen masunta a gaba da Kagara, kusa da gulbin Rima, yana da tuta tun ta zamanin jihadi. Muka isa bayan azahar. Gidaje ba su fi a ƙirga da yatsu ba, taruna a shanye kan danga.

Mai riƙon tutar wani tsoho ne, idanunsa sun fara yana. Ya shimfiɗa mana tabarma, ya ɗauko wata jakar fata da ta yi baƙi don tsufa. Ya ce kakansa aka ba ita, kuma garin ba shi da hatimi, ba shi da ganuwa, ba shi da kasuwa, ita kaɗai ce shaidar cewa su ma wasu ne. Sau ɗaya ake buɗe ta a shekara, in gulbi ya fara cika, a yi addu'a a mayar. Zaurensa duhu ne, sai na roƙi ya bar ni in kai ta masaukinmu in zana da haske. 

“Ba a taɓa hita da ita gidan ga ba,” in ji shi. “Amma kai malami na, ɗiyanmu kaka koya ma karatu. Yadda nib ba ka, hakanan za ka maido min kahin rana ta hwaɗi.”

Na ce, “In Allah ya yarda, Baba.”

A gindin tsamiyar masauki na warware ta. Saƙi ne na hannu, ya yi ja-ja-ja, ko'ina dabbare-dabbare kamar an goge tukunya da shi. Ban ga wata, ban ga tauraro, ban ga komai da zan zana ba. Abin da ya fara zo mini shi ne dariyar da Bature zai yi in na kai masa hoton tsumma. Masinja ya tafi gyaran tayar kekensa, babu wanda zan yi shawara da shi, ko da yake gaskiya ko yana nan ba zan tambaye shi ba. Na ari ƙwarya, na ɗebi ruwa a randa, na ciro sabuluna. Niyyata in ga ainihin launinta, kuma in mayar wa tsoho da ita fes ya sa mini albarka.

Ina cuɗawa ruwan ya yi baƙi. Na ji daɗi, na watsar a gindin tsamiya, na sake wani. A na biyu ne wani wari ya bugi hancina, warin ƙaro da gawayi, warin da na sani tun ina wanke allona a zauren malam. Na ɗaga ƙyallen ga rana. A kusurwa ɗaya na ga wutsiyar wani harafi tana narkewa, tana gangarowa a yatsana. Dabbaren nan duk rubutu ne, layi a kan layi, shekaru suka dusasar da shi. Ni da na sha rubutu tun ban yi wayo ba, na manta tawada ba ta jure ruwa.

Masinja ya dawo ya tarar da ni tsaye. Ya dubi ƙwarya, ya dubi ƙasa, ya dafe kai. “Malam, mi kay yi?”

Abin da ya fi wankin muni shi ne abin da na yi bayansa. Na shanya ta, zafin bazara ya busar da ita nan da nan, na ninke na cusa a jaka. Na ce a raina sai damina za a buɗe, lokacin ina Sakkwato. Na kai wa tsoho, na durƙusa na yi godiya, bakina bai ko yi rawa ba.

Ya karɓa da hannu biyu. Sai ya kai jakar kusa da fuskarsa ya tsaya.

“Ƙamshin sabulu nika ji.”

Nan na faɗa masa duka, kaina a ƙasa. Na jira zagi, wallahi da na fi son zagin. Bai buɗe jakar ba. Tambaya ɗaya ya yi mini.

“Ruwan hwa, ina kaz zuba su?”

Na kama hannunsa na kai shi gindin tsamiya. Ya durƙusa da ƙyar, yana shafa ƙasa da tafinsa har ya sami inda take da sauran danshi. Ya yi bisimilla, ya riƙa ɗibar ƙasar nan da yatsu a hankali, yana zubawa cikin jakar a kan tutar. Na sunkuya in taya shi, ya ce, “Bari, ɗana. Ka yi naka.”

Da safe za mu tafi, sai ga kwandon albasa daga gidansa, wai guzuri. Haka na ɗaura shi a bayan keke na tura har Sakkwato, kwana biyu.

Tafiyar nan ta nuna mini cewa dattawan Wurno sun fi ni hankali da suka tsayar da ni nesa, kuma abin da ban gane ba ba datti ba ne don kawai ban gane shi ba. Sauran sabulun yana nan a taga, na kasa wanka da shi.

Jiya na kai zane-zanen ofis. Di'o ya duba ɗaya bayan ɗaya yana yabawa, har ya zo kan na ƙauyen masunta, fili fari fat babu ko ɗigo. Ya ce a tambaye ni, wannan babu komai a kanta ne?

Na ce, “Da akwai.”