Sona Kak, Mutumin da Ya Yanke Mini Zare

Daga farkon Afrilu zuwa ƙarshen Satumba, idan aka sallame asuba Sonaullah Wagay ba ya wucewa gida. Yakan bi ta bayan masallaci, ya ratsa gonar tuffa, ya gangara bakin rafin Arbal. Can zai naɗe hannun riga, ya tsoma hannu ya ji sanyin ruwan, ya birkice duwatsu uku ko huɗu ya duba irin ƙwarin da suka kwana a ƙarƙashinsu. Sai ya koma gida, matarsa Zuna ta miƙa masa shayin gishiri da gurasa mai zafi, ya zauna bakin taga da gashin zakara da siririn zare, ya ɗaura wa ƙugiya kamannin ƙwaron da ya gani. Kafin masu fatsa su iso daga gari, ya riga ya san abin da kifi zai ci a ranar. Shekara arba'in da uku ke nan yana raka mutane kamun tirawut, kifin ruwan sanyin nan mai jajayen ɗige-ɗige. Yara da manya, Sona Kak muke ce masa, Kak kuwa lakabin girmama dattijo ne a wajenmu.

Makon jiya na tsaya a bayansa bakin tagar nan. Ya ɗaga ƙugiya sama wajen haske yana neman zura zare a idonta. Ya kuskure. Ya lashi bakin zaren, ya sake kuskurewa. Na ƙirga har sau bakwai. Mutumin da a da yake ɗaure ƙugiya yana tafiya yana hira, ko kallonta ba ya yi. Zuna ta ɗago ta dube ni, na dube ta. Tun ranar hankalina bai kwanta ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni mai kantin magani ne a garin Anantnag. Shekara ashirin da biyu da suka wuce na fara zuwa wurinsa, ɗauke da sandar fatsa mai tsada da surukina ya kawo mini daga Dubai, da akwati cike da ƙwarin ƙarya kala-kala. Ya buɗe akwatin ya daɗe yana kallo.

"Likita, duk wannan naka ne?"

"Ni ba likita ba ne, Kak. Magani nake sayarwa."

"Duk ɗaya ne, ku ne dai kuke ƙarasa mu." Ya rufe akwatin. "Kayan nan sun yi kyau, a kai wa amarya ta yi ado. Kifin rafin nan bai yi makaranta ba, ba ya karanta sunan kamfani."

Ya ciro wani ɗan mummunan ƙwaro mai launin toka daga jikin hularsa ya ɗaura mini. Da shi na kama kifina na farko, kuma sunan Likita ya bi ni har yau.

A hannunsa na koyi duk abin da na sani. Kifi yana fuskantar inda ruwa yake fitowa, saboda haka ka zo masa ta baya, ka jefa ƙugiya sama da shi, ka bar ruwa ya kawo masa. Kada inuwarka ta riga ka isa. In ruwa ya yi garau, ƙara siririn zare a baki kuma ka rage girman ƙugiya. Da safe, lokacin da sanyi bai saki ba, nemi kifi a ƙasa da ƙwaro mai ɗan nauyi. Sai rana ta yi sanyi ƙwari sun tashi za ka sa mai yawo a saman ruwa. In kifi ya kama, ɗaga kan sanda, ya ja ka sakar masa, ya gaji ka naɗe. Yakan matse ƙayar ƙugiya da filaya don kada ta yaga bakin kifin da za a mayar. Kuma kaitonka in ka taɓa kifi da busasshen hannu. "Jiƙa hannunka!" zai daka maka tsawa, ko da kai wane ne. "Kai za ka so a cire maka riga a tsakiyar hunturu?"

Subhan mai gurasa ya ba ni labarin wani abu da ya gani da idonsa. Wata shekara ana shirin biki a dangin su Sona Kak, sai ɗan ƙanwarsa Manzur da abokansa biyu suka sauko rafi da buhun hodar bilic ta wanki, za su kashe kifin biki. In aka zuba ta a sama, duk abin da ke numfashi a ruwa har nisan tafiyar rabin sa'a sai ya taso ciki sama, manya da 'ya'ya da ƙwai. Sona Kak bai yi ihu ba, bai kira kowa ba. Shiga ruwa ya yi da kayansa, ya tsaya daidai ƙasa da su, ruwan ƙanƙara har ƙugunsa.

"Zuba, Manzur," ya ce. "Amma ta kaina za ta fara bi."

"Haba Kawu, kifi ne fa! Kifin ma ba na gidanku ba!"

"Na ji. Zuba."

Subhan ya ce sun fi rabin sa'a a haka, leɓen tsohon ya yi shuɗi, haƙoransa suna haɗuwa, har samarin suka ɗauki buhunsu suka hau tudu suna gunaguni. Ƙanwarsa ta yi shekara biyu ba ta gaishe shi ba. An yi bikin da naman rago, babu wanda ya mutu.

Amma abin da ya sa nake ganin wajibi ne in yi wannan rubutu, a kaina ya faru.

Wata ranar Yuli ce, shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Sama a kanmu tas take, sai can kan tsaunuka ne aka ga ɗan duhu, wanda ban ko kula da shi ba. Na ratsa ruwa mai kai gwiwa na hau wani faffaɗan dutse a tsakiyar rafi. Sona Kak yana bakin gaɓa riƙe da koma. Jifa ta uku, wani abu ya fizgi zare har sanda ta lanƙwashe kamar baka. Da ya juya na ga gefensa. Tsawon hannuna ne daga kafaɗa zuwa yatsu. Shekara goma sha ɗaya ina zarya rafin nan ina jiran irinsa.

Mun fi minti ashirin muna ja-in-ja. Kifin ya fara gajiya. Sai na ji muryar Sona Kak, ba irin wadda na saba ji ba.

"Likita, fito."

"Saura kaɗan, Kak! Kawo komar!"

"Na ce ka fito."

Na ɗan kalli ƙasa. Busassun ganye da ƙananan ƙirare suna wucewa, ruwan da ɗazu nake ganin tsakuwarsa ya soma komawa launin shayi da madara. Na gani, amma idona ya rufe. Na ce masa ya yi mini shiru.

Ban san lokacin da ya ratso ba. Sai kawai na gan shi a gefena, ya zaro 'yar wuƙarsa, ya kama zaren ya datse. Sandar ta miƙe a hannuna, wayam.

Abin da na faɗa masa har yanzu yana ƙona ni. Na ce masa tsohon banza, jahilin ƙauye, wanda bai san darajar komai ba. Na ce hassada ce, don shi bai taɓa kama irinsa ba. Mutumin da ya girme ni da shekara goma sha biyar. Ya damƙi wuyan rigata ya ja ni cikin ruwa kamar akuyar da ta ƙi hanya. Nan na gane: inda na bi ɗazu yana gwiwa, yanzu ya kai cinya, yana ture ƙafa. Daga sama kuma wata ƙara tana tahowa, kamar manyan motoci goma sun jero a kan gada.

"Kada ka waiwaya! Riƙe ɗamarata!"

Mun kai gaɓa da kyar. Ya sa kafaɗa ya tura ni sama, na kama saiwar bishiya na haye. Shi yana ƙoƙarin hawowa sai gaban ruwan ya iso, wani gungume ya make shi a idon sawu. Na kama hannunsa na ja da duk ƙarfina, muka zube tare a kan ciyawa. Da na ɗago, babu dutsen da nake tsaye a kai. Laka ce kawai da itatuwa da duwatsu suna birgima, har da gawar tunkiya.

Na ɗaure masa ƙafa da ƙyallen wuyana. Shi kuwa yana kwance yana haki, sai ya ce, "Kifin kuwa babba ne, Likita. Na gan shi. Allah ya ba ka haƙuri."

Ƙashin ya tsage. Har yau yana ɗingishi. Ko sau ɗaya bai taɓa tayar da zancen zagin ba, ni kuma kunya ta hana ni tayarwa. Na kawo masa magani, na kawo shinkafa da shayi, na kawo komai ban da kalma ɗaya.

Sona Kak, kai ne ka gwammace in zage ka da dai a kai wa matata labari. Kai ne ka san ranar da ake bin ran baƙo da ranar da ake ɓata masa rai don a cece shi. 'Yata ta fari an yi mata aure bara, ni na zauna na karɓi baƙi, kuma duk wanda ya rungume ni a ranar, kai nake tunawa. Mai gadin rafi, wanda babu takardar yabo ko ɗaya a bangon ɗakinsa.

Yanzu ga inda muke. Yanar ido ta rufe masa idanu biyu, ga ciwon sukari da ya daɗe yana ɓoyewa. Likitan ido a Srinagar ya ce za a cire yanar ranar Alhamis, amma bai yi alkawarin komai ba, don ciwon ya riga ya taɓa can cikin idon. Babu wanda ya ce wa Sona Kak ya ajiye aiki. Baƙi suna nan suna nemansa da suna, da ya so zai iya lallaɓawa shekara ɗaya ko biyu, don ƙafarsa ta haddace kowane dutse. Shi da kansa ya je ya ce a cire sunansa daga cikin masu rakiya.

"Wanda ba ya ganin launin ruwa," ya ce mini, "bai kamata ya kai 'ya'yan mutane tsakiyar rafi ba."

Abin da ke hana ni sukuni ke nan. Ƙanƙarar tsauni tana raguwa, ruwa yana ɗumi da wuri, ambaliyar bazata kuwa da a da sai a daɗe ba a ga ɗaya ba, yanzu kusan kowace bazara sai an ji labarinta a wani kwari. Masu rakiya na yanzu mutanen kirki ne, sun iya jifa, sun fi shi iya magana da baƙi. Amma a waya suke duba yanayi, waya kuwa ba ta da labarin abin da ya fashe a bayan tsauni minti goma da suka wuce. Ɗan Sona Kak direba ne a Jammu, 'yarsa ma'aikaciyar jinya ce. Abin da ke kan tsohon nan ba a rubuta shi ko'ina ba. Ina tunanin wani mutum irina, mai taurin kai irina, tsaye a kan wani dutse badi, babu mai yanke masa zare.

Jiya na koma wurinsa. Zuna ta fita ɗebo ruwa, sai ya matso kusa ya rage murya.

"Likita, kai ka san harkar magani. Kada ka yi mini irin ta 'yan kanti. Zan sake gani?"

Shekara talatin ina tsaye a kantin magani ina ba mutane amsa, wani lokaci har abin da ban sani ba. Wannan karon ban yi haka ba. Na ce, "Ban sani ba, Kak. Allah ne masani."

Ya murza bakin hularsa.

"To," ya ce. "Kada ka gaya wa Zuna na tambaya. Kuma kada ka makara ranar Alhamis, ka san halinka."

Sai dai ya yi haƙuri ya yafe mini, ga shi na faɗa wa duniya, amma Zuna ba ta karanta jarida.

Ku da kuka taɓa kama kifi a hannunsa, daga Srinagar ko Delhi ko ma ina, kada ku jira sai an yi sanarwa a masallaci sannan ku tuna da shi. Ku sa shi a addu'a ranar Alhamis. Ku masu rakiya, ku ajiye girman kai ku zo ku zauna a gabansa tun bakinsa yana magana, ku tambaye shi yadda ake gane ruwa ya canza. Kuma in ranar ta zo muku, ku yi abin da ya yi: ku yanke zaren, a zage ku.

Sona Kak, na gode da fatsar da ka koya mini, na gode da raina. Maganar da na faɗa maka a kan dutsen nan ƙarya ce daga farko har ƙarshe, ni ne jahilin. Ka yafe mini. Ranar Alhamis ƙarfe bakwai motata tana ƙofar gidanka, kuma ba zan bar bakin ɗakin tiyatar ba sai an fito da kai.