Waken da Baba ya ƙi saidawa

Ɗazu ɗiyata ta jawo jiƙaƙƙen tsumma daga gindin randa, wake ya tsiro a ciki, wai aikin lakwal ne, wato makarantar boko. Nan take marigayi Baba ya faɗo mini a rai.

Iri yake saidawa a kasuwar Tawa. Duk buhun da ya saro, sai ya ƙulle 'yan ƙwayoyi a jiƙaƙƙen tsumma ya ga ko za su tsiro.

Shekarar da darajar kuɗin sefa ta faɗi, ko miya da ƙyar muke yi, sai waken da ya zuba jarinsa ciki ya ƙi tsirowa. Wani manomin Bambeye ya gan shi fari tas, ya nace sai ya saya. Baba ya tura shi rumfar maƙwabci.

Mutumin ya ce, "Malam, bana ma ana korar ciniki?"

Baba ya ce, "In ka dahwa ba daɗi, yini guda na ɓata maka. In ka shibka bai hito ba, damanarka na kashe."

Inna ta yi ta mita. Mu muka cinye waken nan har ya gundure mu.

Har yau ba na ƙaunar wake, amma Allah ya jiƙan Baba. Ku fa, wace gaskiyar iyayenku ce ta ƙare a tukunyarku?