Ciyawar da Ta Nuna Mini Kabarin Inna

Shekara talatin da ɗaya ke nan Baba mai kula da maƙabartarmu yana buɗe ƙofa da sassafe, fartanya a kafaɗa, tsohon bokiti a hannu, yana jan ƙafar hagu. Aikin gadi aka ɗauke shi, amma ban san wanda ya taɓa samunsa a zaune ba. Kullum yana durƙushe a bakin wani kabari yana dasa ciyawa.

Wata gajeruwar ciyawa ce mai siririn ganye. Rani ya ƙona ta, awaki su cinye ta, damina na faɗuwa sai ga ta. Mai Taurin Kai yake kiranta. Yakan tono gindi ɗaya, ya raba shi huɗu da yatsu, ya jera a gefen kabari, taƙi ɗaya tsakani. Maƙabartar a kan gangare take, kuma saiwar ciyawar nan ce ke hana ruwa tafiya da ƙasa. Wannan ban san shi ba sai da na yi ɓarna.

Shekara uku da suka wuce ni ne shugaban kwamitin unguwa, ina ji da kaina. Wani ya ce ya ga maciji, sai na tara jama'a aikin share maƙabarta. Baba ya tare ni a ƙofa.

"Ɗana, ku bar ciyawar nan. Ita ke riƙe da mutanen."

"Haba Baba, maƙabarta ce ko lambu?" na ce. Aka kwashe da dariya, har da ni.

Kafin rana ta take mun kankare ɓangaren ƙasa tas, inda Inna, mahaifiyata, take kwance. Mako biyu tsakani aka tafka ruwa. Da na je, wurin ya baje kamar tsakar gida, babu tudu, babu alama. Na yi ta zagayawa ban san inda zan tsaya ba. Yayata ta bugo waya ta ce, "Ka leƙa wajen Inna kuwa?" Na ce mata lafiya lau. Ƙaryar nan har yau tana ci mini rai.

Na zaci Baba zai wanke ni tas. Bai yi ba. Cewa ya yi, "Ganye kawai fartanyarku ta ci. Ka ba ciyawar kwana ashirin." Ya ja igiya ya kewaye wurin, ya hana kowa takawa. Maginan kabari sun shaida mini cewa kullum sai ya bi wurin da rarrafe yana shafa ƙasa. A kwana na sha tara ya aiko a kira ni. Ga tsiro nan kore, ya fito layi-layi, ya zana kowane kabari.

"Na mahaifiyarka shi ne na huɗu daga katanga," in ji shi. "Ni na dasa ta ranar da kuka kawo ta."

Na durƙusa na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar. Amma kabari goma sha ɗaya ruwa ya tafi da su har saiwa. Akwai wata tsohuwa da har yanzu takan zo ta tsaya a tsakiyar filin ta yi wa mijinta addu'a, don ba ta san inda za ta fuskanta ba. Ba na iya haɗa ido da ita.

Baba, kai ne mai hidimar waɗanda ba za su iya cewa an gode ba. Kai ne ka rufa mini asiri bayan na kunyata ka a gaban mutane. Ƙarshen watan nan za ka ajiye fartanya, gwiwa ta ƙi, ido ya dushe, kuma cikinmu babu wanda ya koyi aikinka. Mun gode, Baba, Allah ya saka maka da alheri.

Ku da kuke da naku a can, ku zo ku koya tun yana iya nunawa. Ni na je jiya. Ya miƙo mini gindi ɗaya, ya ce in raba huɗu. Na tambaye shi daga ina zan fara. Ya nuna gefen katanga, inda ba a haƙa ba tukuna.

"Fara nan kusa da inda za a haƙa nawa, ɗana. Ka ga ni ba wanda zai dasa mini."