Sunan da Aghali Bai Faɗa Ba

Mun ci! Tun daga bakin kotu nake faɗa wa duk wanda na gamu da shi, ni da mutanen garin Sheffield suka sani da shiru.

Aghali Buzu ne daga arewacin Mali. Da yana kiwon raƙuma, har masu bindiga suka kashe mahaifinsa, ya gudo. A ɗakin baƙi na masallacinmu, inda nake shara, na san shi. Ba a ba shi izinin aiki ba, sai ya riƙa gyara kekunan jama'a kyauta, bakinsa a rufe da rawani.

Da ofishin gwamnati ya hana shi mafaka a ƙasar nan, an rubuta cewa ƙarya yake, wai an tambaye shi sunan uban da ya ce an kashe, ya ja rawani ya sunkuyar da kai. Za a sa shi a jirgi a mayar da shi Mali.

Na bari sai da muka sha shayi, sannan na ce, "Ɗana, sunan ubanka ya gagare ka?"

"Haba Baba! Ya rasu fa. In kira sunansa a gaban baƙo? Mu ba ma yin haka."

"To ka gaya wa lauyarka?"

"Ita ma ai baƙuwa ce."

Na ce, "Kai, raƙumanka sun fi ka dabara. Tashi mu je wurinta."

Lauyar, Bethan, ta nemo wata tsohuwar malamar jami'a da ta daɗe a cikin Buzaye. Malamar ta rubuta cewa a wurinsu jan rawani da ƙin kiran sunan mamaci girmamawa ce. Aka aika. Ofishin ya sake hanawa, ko ambaton bayanin bai yi ba. Sai Bethan ta kai ƙara babbar kotu a duba yadda aka yanke hukuncin.

Yau alƙali ya tambayi lauyan gwamnati a wane shafi suka auna maganar malamar. Ya juya takardu, ya juya, bai samu ba. Alƙali ya soke hukuncin, ya ce a sake dubawa daga farko.

Bethan ta ce, "Baba, a hankali, ba a ba shi mafakar ba tukuna."

Na ce, "'Yata, ai dai ba ya shiga jirgi!"

Aghali ya kama hannuna ya ƙi saki. Rawanin yana nan har hanci, amma kafaɗunsa sai rawa suke don dariya.