Shanun Yaya Iliya da Ba Sa Huɗa Sai da Waƙa

Bana shekara arba'in da rasuwar yayana Iliya, kuma har yau na kasa yanke hukunci a kansa. Wani lokaci in ce mai bangaskiya ne, wani lokaci in ce taurin kai ne irin na gidanmu.

Mu Kiristoci ne 'yan tsiraru a wani ƙauye kusa da Balan, muna noman gero da gyaɗa kamar kowa. Ana cikin haka Iliya ya samu bijimai biyu da garma, lokacin da garmar shanu baƙuwa ce a wajenmu. Ya ce Ubangiji ne ya buɗe masa ƙofa. To amma da waƙar yabo ta majami'a ya hore su, don shi bai iya yin komai da baki a rufe ba. Shanun suka saba. In ya rera su miƙe kunya sambal, in ya yi shiru su tsaya suna kallon juna, ko an sa tsumagiya. Sabo turken wawa.

Damina ta farko kowa yana neman huɗarsa. Ta biyu sai magana ta tashi. Maƙwabtanmu Musulmi suka ce a yi musu huɗa amma a bar waƙar, ba sa son a kira abin da ba su yarda da shi ba a gonar gado. Ban ga laifinsu ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne namu. Dattawan ikilisiya suka kira shi, suka ce waƙar Ubangiji ba ta dabbobi ba ce, yana zubar mata da daraja. Arziki rigar ƙaya: Musulmi sun ce ya yi shiru, Kirista ma haka.

Na ba shi shawarar ya riƙa yin amon kawai, ya haɗiye kalmomin, kowa ya huta. Ya ce, "Ƙanena, wanda ya ba ni shanun, shi zan ɓoye a bayansu?"

Aiki ya yi ta janyewa. Da shekarun fari suka zo, ba hatsi, ba harawa, dole ya kai shanun kara, kasuwar dabbobi, a Ajingi. Wani Bafillace da ya zauna noma wajen Toranke ya saya. Kasuwa ta zagayo, sai ga shi ya dawo da su yana faɗa, wai an sayar masa da gumaka. Nan a tsakiyar kara, gaban dillalai da mahauta, Iliya ya dafa tozon babban ya rera. Suka taka. Mutane suka yi ta dariya, ni kuwa kunya ta rufe ni. Bafillacen ya saurara har ya kama amon, ya ce kalmomin ya bar wa mai su, ya kora shanunsa. Iliya ya koma fartanya, da ita ya ƙare kwanansa, ba wanda ya ji ya yi gunaguni.

Ina tambayar kaina me zai ce da yana raye yau, da tarakta ke gurnani ba mai jin muryar kowa. Ina jin zai hau ya rera duk da haka, ya yi ta rigima da mai injin. Ko kuma ya ce ƙofar ta rufe ne don mun yi shiru. Ban sani ba. Ban ma sani ba ko ya yi nasara, domin shanun sun tafi, ba kuma wanda ya bi addininsa saboda su.

Daminar bara na bi ta wajen Toranke, na ji wani magidanci a bayan garma yana wannan amon, ba kalma ko ɗaya. Na yi masa sannu da aiki, na tambaye shi inda ya samo. Ya ce, "Baba, ai ta shanu ce, haka muka gada."

Kalmomin suna bakina, duk na tuna su. Na daɗe tsaye a bakin gonar ina shawarar ko in faɗa masa, har ya kai ƙarshen kunya ya juyo. Da Iliya ne, da tuni ya rera.